ME YA SA WATA KE SAURIN RAGE ƘIBA, WATA KUMA SAI TA SHA FAMA?

 

Yau za mu ɗauko wata tambaya ce da ake yawan aiko mana a kan batun ƙiba. Za ki ga mata biyu, ko yaya da ƙanwa, ko ƙawaye a wurin aiki, ko ma abokan zama, sun ɗaura niyyar rage jiki rana ɗaya. Tare suka daina shan lemon kwalba, tare suka rage tuwon dare, tare suke fita tattaki da sassafe. To bayan wata guda sai a hau sikeli, wadda ta fi jiki ta sauke kilo 4 ko 5, ita kuwa wadda ɗan tumbin haihuwa ne kawai ke damunta, da ƙyar ta ga kilo 1 da ɗan ɗoriya. Daga nan sai rai ya ɓaci. Wata ta ce ai ita jikinta ba ya jin magani, wata ta ce 'yar'uwar tata akwai abin da take sha a ɓoye, wata kuma ta watsar da abin gaba ɗaya ta koma gidan jiya.

To 'yar'uwa, babu asiri a ciki, kuma babu wanda ya cuce ki. Nauyin da mace ta fara da shi yana da hannu ƙwarai a kan saurin da kitse zai bar jikinta, da irin abin da zai tafi, da kuma irin wahalar da za ta tarar a gaba. Idan kika fahimci wannan, za ki daina auna kanki da ma'aunin wata.

Babban jiki ya fi cin makamashi

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Tirela da babur idan suka tashi daga Kano zuwa Zariya, hanya ɗaya suka bi, amma man da suka sha ba ɗaya ba ne. Haka jikin ɗan Adam yake. Ko kina kwance ba kya komai, zuciya na bugawa, huhu na aiki, hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa ba su huta ba, jiki kuma yana riƙe da ɗuminsa. Wannan aikin na cikin gida shi ke cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na makamashin da mutum ke ƙonewa a rana. Ragowar kuma yana tafiya ne wajen zirga-zirga da aiki da narkar da abinci. Ma'aunin da ake auna wannan makamashi da shi, shi ake kira kalori.

Akwai wani lissafi da masana abinci suka fito da shi a Amurka a shekarar 1990, wanda har yau ake amfani da shi a asibitoci don ƙiyasta abin da jiki ke ƙonewa yana hutawa. A bisa wannan lissafi, kowane kilo 10 na nauyi yana ƙara wa mutum kimanin kalori 100 a rana. Idan kuma aka tashi tafiya ko aiki, sai tazarar ta ƙaru, domin mai kilo 100 duk takun da ta yi tana ɗauke ne da kilo 100.

Mu ɗauki misalin yaya da ƙanwa, dukkansu tsawonsu mita 1.6, shekarunsu wajen 35, suna aikin gida daidai gwargwado. Yaya tana da kilo 100, ƙanwa tana da kilo 65. Yaya za ta ƙone kimanin kalori 2,500 a rana, ƙanwa kuwa wajen 2,000. Yanzu a ce sun zauna a kwano ɗaya, kowacce ta ci abincin da ya kai kalori 1,700. Yaya ta bar wa jikinta giɓin kalori 800, dole ya je ya ɗebo daga kitsen da ya tara. Ƙanwa kuwa giɓinta bai wuce 300 ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Ki buga lissafin da kanki: yaya za ta sauke kusan kilo 3 a wata, ƙanwa kuwa kilo 1 da 'yan kai. Abinci ɗaya suka ci, himma ɗaya suka yi, amma jikin yaya ya fi buƙata, shi ya sa ya fi taɓa ajiya.

Ruwan makon farko

Akwai kuma wani abu da ke rikita mata a makon farko. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, wanda ake kira gilaikojin, abin da ya kai kusan rabin kilo. Kowane giram na wannan sukari yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Da zarar kin rage tuwo da shinkafa da burodi, jiki zai fara da wannan ajiyar, ruwan kuma ya fita ta fitsari. Haka nan idan kika rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, wani ruwan zai ƙara sauka. Shi ya sa za ki ga sikeli ya faɗi da kilo 1 ko 2 cikin 'yan kwanaki, musamman ga mai babban jiki wadda ƙafarta kan kumbura.

Abin farin ciki ne, amma ki sani mafi yawansa ruwa ne. Idan mako na biyu da na uku suka zo kika ga abin ya yi sanyi, kada ki karaya, a lokacin ne ma ainihin kitsen ya fara motsi. Kuma mu mata muna da namu na daban, domin gab da al'ada jiki kan riƙe ruwa, sikeli ya hau ba tare da kin ƙara ko loma ɗaya ba.

Me ke tafiya, kitse ko tsoka?

Nan ne wurin da nake so ki saurara da kyau. Idan sikeli ya sauka, ba kitse zalla ne ya tafi ba. A cikin kowane kilo da ya sauka akwai kitse, akwai kuma tsoka da ruwa. Wani likita Ba'amurke mai suna Gilbert Forbes ya yi shekaru yana nazarin wannan, kuma a 1987 ya bayyana cewa rabon ya danganta da yawan kitsen da mutum ya fara da shi. Mai kitse da yawa, jikinta ya fi sakin kitsen ya bar mata tsokarta. Wadda kitsenta kaɗan ne, jiki kan haɗa da tsoka sosai. Idan muka bi lissafinsa, yayar nan tamu mai kilo 100, wajen kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na abin da ta sauke zai zama ba kitse ba. Ƙanwar kuwa abin zai iya kai kashi ɗaya cikin uku.

Ki ɗauke shi kamar rumbu. Uwargidan da rumbunta ke cike, idan aka ce a ɗebo hatsi ba ta ko ɗaga kai. Wadda nata ya kusa ƙasa kuwa, sai ta fara tsimi, ta rage awo, ta duba ko akwai ɗan akuyar da za a kai kasuwa. Jikin da kitsensa ya yi ƙasa haka yake yi, ya rage kashe makamashi, ya kuma taɓa tsoka. Rasa tsoka kuwa asara ce babba, domin ita ke riƙe ki da ƙarfi, ita ke taimakawa wajen shanye sukarin jini, kuma tsufa ma da kansa zai zo ya rage ta.

An ga iyakar wannan a wani bincike da aka yi a Jami'ar Minesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945, ƙarƙashin wani masani Ancel Keys. Samari 36 masu matsakaicin jiki suka yarda aka rage musu abinci da kusan rabi har tsawon makonni 24. Sun zubar da kimanin kashi 25 cikin 100 na nauyinsu, amma ƙarfinsu ya tafi, sanyi ya dame su, fushi da baƙin ciki suka yi musu yawa, ba su da zance sai na abinci. Makamashin da jikinsu ke ƙonewa yana hutawa ya faɗi da wajen kashi 40 cikin 100. Da aka sakar musu abinci kuwa, sai suka dinga ci ba ƙaƙƙautawa, har kitsensu ya wuce inda yake da farko. Wannan darasi ne ga 'yanmatanmu da ba su da wata ƙiba, amma suke kwana da yunwa don a ce sun yi shafal kafin biki.

Ko a azumin watan Ramadan an lura da wannan bambanci. A 2019 wasu masana a Ostareliya sun tattara bincike masu yawa da aka yi a kan masu azumi, suka gano cewa waɗanda suka shiga watan da ƙiba sun fi sauke nauyi, kuma a jikinsu ne aka fi ganin raguwar kitse. Sun kuma lura cewa 'yan makonni bayan Salla nauyin kan fara dawowa. Wannan kam ko ba a faɗa mana ba, mun sani.

To ita mai babban jiki fa, ta huta ke nan?

A'a. Sauƙinta na farkon tafiya ne. Mu koma ga yaya. Da ta sauko daga kilo 100 zuwa 90, jikinta ya zama ƙarami, abin da yake ƙonewa ya ragu da wajen kalori 150 a rana. Giɓin nan na 800 ya koma 650. Idan ta kai kilo 80 ya koma 500, alhali abincin da take ci bai canza ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa bayan wata biyar ko shida sai ki ji mace na cewa sikeli ya tsaya cak.

Bayan wannan kuma, jiki yana da nasa dabarun na kare ajiyarsa. A 1994 wani masani Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York suka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse da kansa ke fitarwa yana aika wa ƙwaƙwalwa labarin yawan ajiyar da ke jiki. Idan kitse ya ragu, leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo. Nan take ta ƙara miki yunwa, ta rage miki saurin ƙoshi, ta kuma sa jiki ya yi tsimin makamashi. Abin mamakin shi ne, ko mace na da sauran kitse mai yawa, wannan ƙararrawa tana kaɗawa, domin jiki ya saba da inda yake. Wani bincike da aka yi a birnin Melbon a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan rage nauyi, sinadaran yunwar nan ba su koma yadda suke ba. Saboda haka idan kin ji yunwa na sassaƙar ki bayan kin rage jiki, kada ki zargi kanki da kwaɗayi.

Akwai wata gasa da aka riƙa nunawa a talabijin a Amurka, inda masu matsananciyar ƙiba ke rige-rigen rage nauyi. Masana sun bi sawun mutum 14 daga cikinsu, suka fitar da sakamako a 2016. A lokacin gasar, idan aka ɗauki matsakaici, sun sauke kimanin kilo 58 cikin 'yan watanni. Bayan shekara shida, wajen kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙone kusan kalori 500 ƙasa da abin da ya kamata mai irin nauyinsu ya ƙone. Gaggawa ke nan da abin da take haifarwa.

Ga kuma nisan hanya. Ƙanwa kilo 5 take nema, yaya kuwa 30 ko 35. Ga ciwon gwiwa, domin an ƙiyasta cewa kowane kilo ɗaya na nauyi yana ɗora wa gwiwa wajen kilo 4 a duk taku. Ga haki, ga jin nauyin fita tattaki saboda idon mutane da bakinsu. A Ingila an duba bayanan asibiti na dubban mutane, aka wallafa a 2015, aka ga cewa a cikin shekara guda mace 1 ce cikin 124 masu ƙiba ke komawa matsakaicin nauyi, ga masu matsananciyar ƙiba kuwa 1 cikin 677. Na kawo miki wannan adadi ne don ki gyara burinki, kada ki ɗora wa kanki abin da zai karya miki gwiwa tun ba a je ko'ina ba.

Ki yi lissafi da kashi cikin ɗari

Burin da ya dace da mai babban jiki shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta a cikin wata shida. Ga mai kilo 100, kilo 5 zuwa 10 ke nan. Kada ki raina shi. A wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka fitar a 2002, an nemi wasu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Wato mace na iya sauke kilo 7 kacal, mutane su ci gaba da kiranta mai jiki, amma sukarin jininta da hawan jininta da gwiwarta duk sun shaida.

Wannan lissafi na kashi shi ne kuma zai sanyaya wa ƙanwa zuciya. Kilo 5 a jikin mai kilo 100 kashi 5 ne. Kilo 5 a jikin mai kilo 65 kuwa ya kusa kashi 8. Idan kika sauke kilo 2 yayarki ta sauke 3, to kun yi kunnen doki.

Yaya za ki san inda kike?

Likitoci na da awon da suke kira BMI. Ki raba nauyinki da tsawonki a mita, abin da ya fito ki sake raba shi da tsawon. Mai kilo 65 da tsawon mita 1.6 za ta samu 25 da ɗan ɗoriya, mai kilo 100 kuma 39. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma an shiga ƙiba. Ƙasa da 18.5 rama ce, mai wannan ba ta da abin ragewa.

Sai dai wannan awo bai san inda kitsen ya taru ba, kuma na ciki ya fi na cinya da ƙugu haɗari. Don haka ki ari tef ɗin tela ki auna tsakiyarki, wajen saitin cibiya, ba tare da kin shanye ciki ba. Ga mace, daga santimita 80 a fara lura, daga 88 kuwa abin ya yi yawa. Ko kuma ki yanki zare daidai tsawonki, ki ninka shi biyu, ki zagaya cikinki da shi. Idan bai haɗu ba, akwai aiki.

Shawara ga mai babban jiki

Ki fara da abin da ya fi sauƙin cirewa. Kwalbar lemo ɗaya ƙarama tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 8 zuwa 9. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa. Ki rage sukarin kunu da shayi da zoɓo, ki rage suya, ki mayar da malmala biyu ta zama ɗaya, ki cika gurbin da miyar ganye, da kwaɗon zogale ko rama wanda ba a cika masa ƙuli da mai ba. Wannan kaɗai ya isa ya motsa sikeli a jiki irin naki, ba sai kin kwana da yunwa ba. Tattaki kuma ki fara da minti 10, ko a tsakar gida ne, ki riƙa ƙarawa a hankali don gwiwa. Ranar da sikeli ya tsaya, ki tuna jikin ne ya ƙanƙance, sai ki ɗan sake gyara awo ko ki ƙara tafiya. Riƙe abin da kika samu ma nasara ce.

Akwai sababbin allurai na rage ƙiba da suka fito a 'yan shekarun nan, kuma suna aiki, amma an yi su ne don masu ƙiba ta sosai ko masu ciwon da ƙiba ke jawowa, a ƙarƙashin kulawar likita, kuma nauyin kan dawo idan an daina. Shayin rage tumbi da ake tallatawa kuwa, da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sa ki, ruwa ya fita kitse na nan zaune.

Shawara ga mai neman rage kaɗan

Ke kuma haƙuri ne jarinki. Kilo 1 a wata ya wadatar. Kada ki ce sai kin kamo yayarki ta hanyar yanke abinci, domin tsokarki za ki cinye, fuska ta zurma, tumbin kuma yana nan. Ki tabbata kowane cin abinci akwai mai gina jiki a ciki, wake ko ƙwai ko kifi ko awara ko nono ko nama gwargwadon hali. Ki ba tsoka aiki: tsugunnawa da tashi, hawan bene, ɗaga jarkar ruwa, har daka da surfe da muka bar wa inji. Ki samu barci isasshe, don rashinsa na ƙara yunwa. Kuma ki fi dogara da tef da zanen ɗaurawarki a kan sikeli, domin sau da yawa ƙugu na raguwa nauyi bai motsa ba.

Abin kiyayewa

Mai juna biyu ba ta rage ƙiba. Mai jego ta bari sai jiki ya dawo, nono ya zauna, sannan ta bi a sannu. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, da mai hawan jini, da mai gyambon ciki, su ga likita kafin su canza cimarsu. Idan kina iya ƙoƙarinki wata da watanni babu canji, ga kasala, ga rikicewar al'ada, ki je a duba ki, domin akwai cututtuka da magungunan da ke sa ƙiba. Wadda kuma ta ga tana ramewa haka kawai ba tare da ta nema ba, ta hanzarta zuwa asibiti.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta shafi mu duka. A wurinmu mace na fara raguwa za a soma tambayarta ko lafiya, dangin miji su ce ba ta samun kwanciyar hankali, nata dangin su ce ba a ba ta abinci. Wadda ta yi jiki kuma a sa ta gaba da zolaya a gidan biki. Don Allah mu sassauta wa juna. Ki yi wa maigida da na kusa da ke bayanin abin da kike yi da dalilinsa, don su zama masu taimaka miki. Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, to haka ma jiki, ki san inda kika tashi, ki bi takun da ya dace da ke.

A nan za mu dakata. Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuri'a, ya bar mu da mazajenmu lafiya. Sai mun sake saduwa, na bar ku lafiya.